Yadda Za Ki Ɗaga Ƙarfe Daga Ƙasa, Ki Kuma Sauke Gwamna Lafiya

Ke da kike so ki ɗaga abu mai nauyi daga ƙasa, ki miƙe tsaye ba tare da ƙugunki ya yi ƙara ba, matso kusa. Kai ma namiji kana iya raɓewa ka saurara, sai dai duk inda na ce zane, ka ɗauka wandonka nake nufi. Na yi alkawari, wadda ta bi matakan nan yadda na jera su, babu abin da zai gagare ta ɗagawa tsakanin Samaru da Sabon Gari, in dai ba da siminti aka dasa abin ba.

Samarin yanzu suna kiran wannan ɗagi dedilif. Sandar ƙarfe ce doguwa kamar taɓarya, an saƙala mata nauyi dama da hagu, tana kwance a ƙasa. Ki sunkuya, ki kama, ki miƙe da ita, ki mayar. Shi ke nan. Ba a kai ta ko'ina. Abin da ya fara jan hankalina ke nan, domin har na tsufa ban taɓa ganin an ɗauki kaya don a mayar da shi inda aka same shi ba.

Ni dai ban taɓa ɗagawa ba, kuma shi ya sa na fi masu ɗagawar sani, tunda mai ɗagawa ba ya ganin bayansa. Karatuna a aji huɗu ya tsaya. Amma na yi aikin ban ruwa a gonakin gwaji na Samaru har na yi ritaya, kuma a can na zauna na kalli yadda tururuwa ke cicciɓar ƙwayar dawa, da yadda buzuzu ke tura kayansa da ƙafafun baya, kansa a ƙasa. Ba kowane malami ne ya samu wannan zaman ba.

Mataki na ɗaya: Ki zo da abin da ya dame ki

Kada ki je wa ƙarfe haka kawai. Yana gane wadda ta zo da dalili da wadda ta zo ɗaukar hoto.

Dubi Tabitha, ƙanwar matata. A cocinmu da ke Hanwa, matan ƙungiyar Zumunta suna da wata tukunya da suke kira Gwamna, saboda ba ta fitowa sai ranar babban taro, kuma in ta fito dole kowa ya ba ta hanya. Idan dafa-duka ta nuna, sai a zura bututun ƙarfe ta cikin mariƙanta biyu, mace ɗaya ta kama wannan gefe, ɗaya ta kama wancan, suna fuskantar juna. Su ɗaga ta daga murhu, su yi tafiyar ƙaguwa da ita har gindin mangwaro inda ake rabon abinci.

Tun tana goyon fari Tabitha ke riƙe da gefen dama. Gefen hagu ya sha canza hannu, yanzu yana wajen Ibukun, Bayarabiyar da ta auri ɗan cocinmu. Na dama kuwa har an daina ce masa gefen dama, sai dai a ce wajen Tabitha.

Ranar Ista da ta wuce, Tabitha ta sunkuya yadda ta saba, ta fizga, ƙugunta ya ce ƙas. Gwamna ta karkata. Shinkafa ta malala har kan takalman baƙin da suka zo daga Wusasa. Kajin unguwa suka yi Istar da ba su taɓa yin irinta ba.

Da ƙugun ya saki, Mama Clara, shugabar Zumunta, ta kira ta gefe.

"Tabitha, ba wanda ya ce kin gaza. Amma bikin Godiya na tafe, kuma za mu yi baƙi. Mun ba ki wannan karon. In ƙwaya ɗaya ta taɓa ƙasa, ki yi haƙuri ki dawo tabarma."

Tabarma ita ce wadda ake shimfiɗa wa tsofaffi a inuwa, suna tsince tsakuwa a cikin shinkafa suna gasar wadda gwiwarta ta fi ciwo. Tunda nake, ban ga wadda ta zauna a kanta ta sake komawa bakin murhu ba.

Da yamma sai ga Tabitha a ƙofar gidana.

"Mijin Yaya, kai da kake yawon kallon abin da bai shafe ka ba, ba ka san inda ake gyaran ƙugu ba?"

Na ce, "Amarya, na san inda ake koyon ɗauka."

"Wace ce amaryarka? Tashi mu je tun kujerar nan ba ta manne maka ba."

In ba ki da dalili irin wannan, ki ari na wata.

Mataki na biyu: Ki zaɓi gidan ƙarfe marar madubi

Akwai wuraren motsa jiki masu fanka da kiɗa da madubi daga sama har ƙasa. Ki guje su. Madubi yana ninka aiki: ki ɗaga ɗaya a nan, ki ɗaga ɗaya a ciki, ki koma gida da gajiyar mutum biyu.

Inda na kai Tabitha wani fili ne a Sabon Gari, hanyar Muchia, bayan shagon Ikechukwu mai sayar da kayan gyaran mota. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu jikokina, sai in ransa ya ɓaci yake komawa Turancin buroka. Nauyin da ke filin duk abin da Allah ya hore ne: tsofaffin dirom na birkin tirela, da simintin da aka daskarar a bokitin fenti, da wani ƙarfe mai haƙora wanda har yau ban san daga cikin wace mota aka ciro shi ba. Na daɗe ina zuwa wurin ina zama kan wata taya ina kallo. Ɗaliban jami'a na zuwa daga Samaru, su ɗaga, su yi gurnani, su ɗauki juna hoto.

Ikechukwu ya saurari labarin Gwamna har ƙarshe bai yi dariya ba. Sannan ya shiga shago ya fito da sandar mofa ta goge ɗaki ya miƙa mata.

Tabitha ta dubi sandar, ta dube shi. "Ɗan nan, ni da nake ɗaga Gwamna za ka ba wannan?"

"Mama, ai labarin da kika ba ni, Gwamna ce ta ɗaga ki."

Ta karɓa. Ke ma ki karɓa. Ana farawa da abin da ba shi da nauyi ne don jiki ya koyi hanya tukuna, kamar yadda ake zagayawa da sabon jaki ba kaya.

Mataki na uku: Ƙafa, takalmi da zane

Ki cire takalmi, ko ki sa marar tudu. Takalmin zuwa coci mai tsini yana sa ki yi gaba kamar akuyar da ta hango ganye.

Ki tsaya ƙafafunki a ware daidai faɗin ƙugunki, kamar tsayuwarki a kwaya, wato layin mawaƙan coci, ranar da ba a cika ba. Sandar ta ratsa ta kan tsakiyar ƙafarki. In ba ki san tsakiyar ƙafarki ba, ki tuna inda ƙaya ta fi son shiga. Daidai saman nan ne. Hannuwa su sauko su kama ta wajen gwiwoyi, a miƙe kamar igiyar guga. Ba da hannu ake ɗagawa ba, hannu rataya ce kawai.

Yanzu ga wani abu da Turawan da suka ƙirƙiro wasan ba su hango ba. Ƙa'ida ita ce sandar ta taso tana gogar ƙwauri, kada ta yi nisa da jiki. To, a kan ƙwaurin Tabitha akwai zane. Ranar da aka fara ba ta ƙarfe na gaske, sandar ta kama bakin zanen ta taho da shi sama tana naɗewa kamar ana naɗe tabarma. Ɗaliban nan masu tarbiyya ne, gaba ɗayansu suka ɗaga kai suna nuna wa juna wata shirwa da ba ta nan.

Washegari ta zo da tsohon wandon maigidanta a ƙarƙashin zane. Ɗaliban suna ɗaura wata faffaɗar fata a ciki, ita kuwa ta zo da majanyin da ta goye 'ya'yanta da shi, ta tamke ƙugu. Ikechukwu ya zagaya ta, ya ja majanyin ya ji ƙarfinsa, ya ce a bar mata abinta.

Mataki na huɗu: Ki ajiye tarbiyya a ƙofa

Ki saurara da kyau, domin nan ne ƙugun matanmu ke lalacewa. Tun kina ƙarama aka koya miki rusunawa: kai a ƙasa, kafaɗa a lanƙwashe, baya ya yi doro kamar na kunkuru. Haka kike miƙa wa babba ruwa, haka kike gaishe shi, haka kike ɗaukar komai daga ƙasa. Wannan ladabi ne a gaban mutum. A gaban ƙarfe kuwa neman asibiti ne.

Ƙarfe yana son rashin kunya. Ƙirji a buɗe kamar na soja, ido a gaba, baya a shimfiɗe kamar teburin guga, sannan ki tura mazaunanki baya, kamar za ki rufe ƙofa da su hannuwanki cike da kwanuka. Ikechukwu yakan ɗora mata faranti da ruwa a gadon baya. In ta rusuna, ruwan ya gangaro mata ta wuya. Ta sha wanka a filin nan.

Sai kuma aka zo kan tambayar da ta ci mana yini guda: ina za ta juya bayan?

"Mama, juya nan."

"In juya wa ƙofa? Kowa ya shigo da abin da zai fara gaisawa ke nan?"

"To juya can."

"Can akwai masallacin makanikai. Ba a haka da maƙwabta."

"Nan fa?"

"Nan ga mijin yayata a kan taya kamar mujiya."

Na ce ni ai ilimi nake nema. Ta ce in nema a wani wajen.

Ikechukwu ya dafe kai ya yi magana da buroka wadda ba zan rubuta ba. Daga ƙarshe aka jawo wata matacciyar bas marar tayoyi, aka tsayar da Tabitha a gabanta, bayanta na kallon bas. Bas ba ta da dangi, ba ta da addini. Ke ma ki nemi taki tun kafin ki fara.

Mataki na biyar: Kada ki ja sama, ki tura ƙasa

Kada ki fizga. Ki ɗan ja sandar a hankali har ki ji ta ce ƙit, alamar ta farka ke nan. Tashin ƙarfe daga barci da fizga kamar tashin maigida ne da ruwan sanyi.

Daga nan, in ji Ikechukwu, ki manta da ƙarfen. Ki sa a ranki ƙasa za ki tura da tafin ƙafafunki ta yi nesa da ke. Kafaɗa da ƙugu su tashi tare, kada ɗaya ya riga ɗaya. In kin miƙe, ki tsaya cak. Kada ki gantsare baya kamar mai ciki wata tara.

Na yi ta tunanin wannan magana ta tura ƙasa. In da gaske ne, to duk ɗagawa ɗaya Sabon Gari na ɗan nutsewa. Na lura kuwa ruwan sama ya fi kwanciya a layin su Ikechukwu fiye da sauran layuka. Na gaya masa, ya ce kwalbati ce ta toshe. Ban yi masa musu ba, yaro ne. Amma ina roƙon masu ɗagawa na Samaru da na Sabon Gari su riƙa yi bi da bi, kada wata rana su tura a lokaci ɗaya mu wayi gari dutsen Kufena ya ƙara tsawo.

Mataki na shida: Ki haɗiye iska, ki rufe baki

Kafin ki ɗaga, ki ja iska ki cika cikinki da ita, ba ƙirji ba, ciki, har majanyi ya ji. Ki riƙe ta. Iskar nan ita ce ginshiƙin da ke tokare ƙashin baya. Ba a sakinta sai ƙarfe ya koma ƙasa ko kin miƙe sosai.

Wannan abu ne mai sauƙi a ƙasar da mutane ba sa gaisawa. Mu kuwa a Zazzau muke.

Filin Ikechukwu ba shi da katanga ta gefen hanya. Tabitha za ta cika ciki, ta kama, ƙarfe ya baro ƙasa, sai mai yankan farce ya zo wucewa.

"Sannu da aiki, Mama!"

"Yauwa, sannu ka..."

Fuuu. Iska ta fita, baya ya lanƙwashe, ƙarfe ya koma da ƙara.

"Mama! No answer am!"

"Ya gaishe ni, Ikechukwu."

"Ya gaishe ki, ya wuce, ya bar ki da ƙugunki!"

"To in yi masa shiru kamar ba a haife ni a gida ba?"

Haka aka yi ta yi. Mai lemo, mai gyaran takalmi, matar da ke kai wa makanikai abinci. Bakin Tabitha ba ya shawara da ita, da ya ji sannu sai ya buɗe. A nan ne ta tuna cewa ranar Ista ma abin da ya faru ke nan: tana cikin ɗagawa wata baƙuwa ta ce mata barka da biki.

A hankali ta koyi yi wa baƙi shiru, tana ɗaga musu gira. Amma wata rana ta ajiye ƙarfe ta zauna a kan bokitin siminti.

"In Baba ya zo fa?"

Baba Bernard surukinta ne, mahaifin maigidanta, dattijon ikilisiya tun kafin a sa wa cocin kwano. Kunnuwansa sun daɗe da yin ritaya. Ba ya jin amsa, leɓe yake kallo, kuma ba ya barin gaisuwa sai ya ga leɓen ya motsa. Daga gajiya yake farawa, ya bi ta kan mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya sauka kan awaki. Kuma al'adarsa ce duk ranar taro ya zagaya bakin murhu ya sa wa masu girki albarka.

Matar kirki tana iya yi wa mai yankan farce shiru. Uban mijinta fa?

Mataki na bakwai: Ki naɗa wakilin gaisuwa

Wannan matakin ni na ƙirƙiro shi, ba ya cikin na Turawa.

Ki samu mutum mai lokaci, ki tsayar da shi tsakaninki da jama'a. Duk gaisuwar da aka jefo miki, shi zai cafe. Na karɓi wannan aiki a filin Ikechukwu, kuma na yi shi da gaskiya.

"Sannu da aiki, Mama!"

Ni kuma daga kan taya: "Yauwa, sannunka dai."

"Ya yara?"

"Suna lafiya, babbar tana Kaduna."

"Ya jikin?"

A nan nakan ɗan yi bayanin gwiwata, tunda an tambaya.

Cikin wannan tsari Tabitha ta tashi daga sandar mofa zuwa bokitin siminti, daga bokiti zuwa dirom na tirela. Ɗaliban suka fara ce mata Mama Dedilif. Wani ya nemi ya sa ta a waya duniya ta gani, ta ce in ya kuskura sai ta ɗaga shi shi ma ta mayar inda ta same shi.

Game da Baba Bernard kuwa, muka shirya cewa ranar Godiya zan tsaya a ƙofar coci. Da ya iso in tare shi, in ba shi leɓena ya yi ta kallo, in tambaye shi labarin awakinsa ɗaya bayan ɗaya har a sauke Gwamna.

Mataki na takwas: Ranar da za a ɗaga na gaske

Ki yi barci sosai, ki karya da abu marar nauyi, kada ki canza komai daga yadda kika koya.

Ranar Godiya harabar coci ta cika da doya da dawa da kaji da aka kawo baiko ga Ubangiji. Rana ta take, dafa-duka ta nuna, ƙamshi har bakin titi. Ikechukwu ya zo da farar riga, an ba shi kujera kusa da masu girki. Ni kuma ina ƙofa, inda aka ajiye ni.

Sai ga hawainiya ta sauko daga jikin shinge ta hau wata jar kujerar roba.

Duk mai hankali ya san abin da ya kamata a yi a nan. Tun ina yaro nake jin cewa tana rikiɗa ta koma launin abin da ta hau, amma ban taɓa samun ta a kan jan da ya kai wannan ja ba. Na tsuguna. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya tana shawara. Ta juya ido ɗaya ta dube ni, ɗayan yana kallon Samaru. Don amfanin masu bincike: ba ta zama ja ba. Ta koma kamar shayin da aka yi wa rowar madara.

Da na ɗago, sai na hango ƙeyar Baba Bernard da sandarsa, ya riga ya kai bakin murhu.

Tabitha ta cire takalmi, ta tamke majanyi, bayanta na kallon tankin ruwa. An zura bututu. Ibukun ta kama gefenta. Tabitha ta buɗe ƙirji, ta tura ƙugu baya, ta cika ciki, ta ja a hankali har bututun ya ce ƙit. Gwamna ta baro murhu sumul, ko girgiza babu. Suka fara tafiyar ƙaguwa.

"Sannu da aiki, 'yata!"

Muryar Baba irin ta wanda ba ya jin kansa ce, har 'yan kwaya suka waiwayo.

Leɓen Tabitha ya yi rawa. Ta datse shi.

Baba ya matso, ya leƙa fuskarta. "Na ce sannu da aiki! Ina gajiya?"

Shiru. Idonta na kan mangwaro. Jijiyar wuyanta ta fito kamar igiyar shanya.

"Anti, daure," in ji Ibukun ta tsakanin haƙora.

Baba ya gyara riƙon sanda ya bi su, shi ma yana tafiyar ƙaguwa, fuskarsa dab da tata. "Ya maigidan naki? Ya yaran? Ya ƙugun, ya saki?"

Matan tabarma suka daina tsince-tsince. Wata ta dafe ƙirji, wata ta rufe baki da gefen gyale. Tunda aka kafa Zumunta ba a taɓa ganin suruka ta yi wa uban miji shiru a bainar jama'a ba. Mama Clara kuwa ko kallon Baba ba ta yi, bakin tukunya take kallo. Ikechukwu ya miƙe tsaye kan kujera da farar rigarsa yana ihu, "Hold am, Mama! Riƙe iska!"

"Akuyar nan taki mai ciki, ta haihu?"

Suka iso gindin mangwaro.

Mataki na tara: Saukewa

Mutane da yawa suna ɗagawa lafiya su ji ciwo wajen ajiyewa. Ƙugu ne ke fara komawa baya, sannan gwiwa ta lanƙwasa, baya na nan a shimfiɗe, iska na nan a ciki. Haka Tabitha ta yi. Gwamna ta zauna a kan duwatsunta kamar an ajiye jariri. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba. Kajin da suka taru suna jira suka watse.

Sannan ta saki iska, ta zube kan gwiwoyinta a gaban Baba, ta buɗe baki za ta fara amsa gaisuwar tun daga gajiya har akuya.

Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Idanunsa sun cika da ƙwalla. Ya dafa kanta, ya juya wajen jama'a.

"Jama'a, ku sa yarinyar nan a addu'a! Kunnenta ya tafi! Ina gabanta ina magana ba ta san ina yi ba. Haka nawa ya fara, ba wanda ya gaya mini!"

Abu biyu ne a gaban Tabitha. Ko ta ce, Baba, na ji ka sarai, tukunya na zaɓa a kanka. Ko kuwa.

Mama Clara ta sunkuyo kamar za ta duba shinkafa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Gefen dama naki ne har ki gaji. Wannan ɗayan kuma ki san yadda za ki yi da shi, ni ban ga komai ba."

Tabitha ta dubi tsohon nan da hawaye ke bin gemunsa. Ta ɗaga hannu a hankali, ta kai bayan kunne, ta ƙwala da ƙarfi: "Na'am, Baba?"

Ya rungume kanta yana cewa ba komai, ana sabawa.

Yanzu kujerarta a coci tana layin gaba, kusa da ta Baba, daidai ƙarƙashin lasifika. Duk Lahadi yana kawo mata wani mai a ƙaramar kwalba na ɗigawa a kunne. Fasto ya sa sunanta a addu'ar marasa lafiya. Yara suna gaishe ta da ihu. In Baba na kusa aka kira ta a hankali, dole ta ci gaba da kallon gabanta, ko da cewa aka yi zanenta ya kama wuta. Su biyun sukan zauna bayan sujada suna hira da ƙaraji, kuma maigidanta ya ce bai taɓa ganin mahaifinsa cikin farin ciki haka ba tun rasuwar tsohuwa. A kasuwar Sabon Gari dai tana ji sarai, har abin da ba a so ta ji.

Ta fuskar ɗagawa kuwa, abin ya yi kyau ƙwarai. Tunda labari ya bazu ba mai gaishe ta in ta sunkuya. Ikechukwu ya ƙara mata dirom.

Gargaɗi

Ni Zakka na Hanwa, na rubuta abin da idona ya gani daga kan taya. Wadda ta bi matakan nan ƙugunta ya riƙe, ko zanenta ya naɗe, ko ƙasar gidansu ta nutse, ko aka sa sunanta a addu'ar ciwon da ba ta da shi, ba da hannuna ba, domin hannuna bai taɓa ƙarfe ba. Wadda ta naɗa wakilin gaisuwa, ita ta san irin mutumin da ta naɗa, kuma ita ya kamata ta share harabar daga hawainiya tun da safe. Kada a zo mini gida, kada a aiko, kada a biyo ta wajen matata.

Wadda kuma take son shaida kafin ta fara, ta je ta tambayi Tabitha da kanta. Ni na je jiya, na same ta ita kaɗai tana tankaɗe, babu Baba babu kowa. Na ce, Amarya, faɗi kalma ɗaya ta yabo in sa a ƙarshen rubutuna. Ta dube ni tun daga hula har silifa, ta nuna mini kunnenta, ta ci gaba da tankaɗenta.